An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Linux da Kwamfuta Mai Na'urar Hoto Biyu

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin ɗaliban da suka ɗora Linux a kan kwamfutocinsu na tafi-da-gidanka, watau wai tsarin yana shanye batir, yana kuma sa kwamfuta ta yi zafi har fankarta ta riƙa gunji. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma a nawa ra'ayi an bar jaki ne ana dukan taiki.

Da yawa daga cikin kwamfutocin nan suna ɗauke da na'urar zana hoto guda biyu. Ƙaramar tana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, galibi ƙirar Intel ko AMD, ba ta da cin wuta, ta kuwa isa rubutu da karatu da kallon bidiyo. Babbar tana zaman kanta, yawanci ƙirar NVIDIA, an tanade ta domin aiki mai nauyi, kamar tace fim ko wasannin kwamfuta. A mafi yawansu ƙaramar ce ke haɗe da allo, babbar sai dai ta zana hoto ta miƙa mata ta nuna. A 2010 ne kamfanin NVIDIA ya fito da wannan dabara da sunan Optimus, ya kuma rubuta wa Windows direban da zai ta da babbar idan an bukace ta, ya kwantar da ita idan an gama. Linux kuwa ko oho. Ba a rubuta masa irin wannan ba, ba a kuma ba masu aikin sa kai bayanin cikin na'urar ba, balle su rubuta da kansu cikin sauƙi.

Saboda haka sai suka shiga lalube a cikin duhu. A 2011 aka fito da Bumblebee, wanda ke sa babbar ta yi zanenta a ɓoye, sa'an nan a kwafo shi zuwa allo, kwafin nan kuwa yana rage gudu. A 2012, a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, aka yi wa Linus Torvalds, mutumin da ya ƙirƙiro Linux, tambaya a kan wannan matsala, ya fito fili ya ce ba su taɓa hulɗa da kamfani mai wuyar sha'ani kamar NVIDIA ba. Sai a 2019, bayan shekara 9, direban kamfanin mai lamba 435 ya ba da damar tura manhaja ɗaya tak zuwa ga babbar, sauran aiki ya tsaya a kan ƙaramar. A 2022 kuma ya buɗe wani sashe na direban ga jama'a. Hujjata mafi ƙarfi ita ce AMD. Da yake wannan kamfani ya daɗe yana aiki da buɗaɗɗen direba, masu na'urarsa ba su sha irin wannan wahala ba, alhali Linux ɗin ɗaya ne.

Ban ce mutanen Linux ba su da nasu laifin ba. Kowane reshe na tsarin yana da tasa hanyar sauyawa, tsofaffin shawarwari kuma suna nan birjik a intanet, har yanzu akan tura sabon shiga ya ɗora Bumblebee da aka daina yayi.

To, mene ne abin yi ga ɗalibi? A Ubuntu, alal misali, akwai umarnin prime-select mai zaɓi uku: ƙaramar kaɗai, ko babbar kullum, ko kuwa ƙaramar ta yi aiki a kira babbar idan da bukata. Na ukun ya fi kyau a takarda, amma akwai lauje cikin naɗi. Da direban NVIDIA, babbar ba ta yin cikakken barci da kanta sai in ƙirar Turing ce ta 2018 ko wadda ta biyo baya. Mu kuwa kwamfutocin da aljihunmu ke iya kaiwa gare su galibi na gwanjo ne, da yawansu sun girmi wannan shekara. A irinsu babbar tana nan a farke tana lasar batir, ko da kuwa ba abin da take zanawa.

A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa sa'ad da ta ga dama, wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga mai buga kundin digiri. Ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ ba ta bukatar babbar na'ura. Don haka ina ganin mai tsohuwar kwamfuta ya zaɓi ƙaramar kaɗai, ya sake kunna kwamfutar don sauyin ya kama, ya bar babbar sai ranar da zai tace bidiyon da ya ɗauko wajen bincike. Wanda bai saya ba tukuna, ya tambayi ƙirar na'urar hoton da shekararta kafin ya taya, in kuwa aikinsa rubutu ne zalla, ya nemi mai na'ura ɗaya.