Ba Sunan Yesu a Kowane Shafi Ke Mai da Labari na Kirista Ba

Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji: me ke sa a kira ƙagaggen labari na Kirista? Amsa uku suka bayar. Wasu suka ce idan marubucin Kirista ne. Wasu suka ce idan akwai majami'a da fasto da addu'a a ciki. Sauran suka ce idan mugu ya tuba a ƙarshe. Duk ukun na ƙi su, kuma har yau ina ƙin su, domin awon tufa ne aka yi, aka bar mai tufar.

Mu fara da batun marubuci. Victor Hugo ya yi nisa da Cocin Katolika, har ya bar wasiyyar cewa ba ya son addu'ar kowace majami'a a jana'izarsa. Littafinsa Les Misérables na 1862 kuwa, cocin ta saka shi cikin jerin littattafan da ta haramta wa mabiyanta. Amma dubi tushen labarin. Jean Valjean ya fito daga ɗaurin shekara 19 da ya faro daga satar burodi. Kowa ya kore shi, sai wani bishop ya ba shi masauki. Da dare ya kwashe kayan azurfar gidan ya gudu. Da jandarmomi suka dawo da shi, bishop ya ce kyauta ya ba shi, ya ƙara masa da madogaran kyandir biyu na azurfa. Duk abin da ya biyo baya a littafin daga wannan daren ya tsiro. Idan za mu yi hukunci da takardar baftisma ko halartar majami'a, mun fitar da wannan littafi, mun shigar da dubban labaran da ba su da komai sai sunan marubuci.

Batun kayan majami'a ya fi rauni. A 1956 Mongo Beti, ɗan Kamaru, ya fitar da Le Pauvre Christ de Bomba. Daga farko har ƙarshe fada ne da mishan da masu koyon addini. Duk da haka manufar littafin tona asirin yadda aikin mishan ya cuɗanya da mulkin mallaka ce, har fada Drumont ya tattara ya koma Turai. Littafi ne a kan Kiristanci, mai ƙarfi kuwa, amma ba daga cikin aƙidar yake kallon duniya ba. A ɗaya gefen ga The Lord of the Rings na Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955. Babu majami'a a ciki, babu ambaton Almasihu ko sau ɗaya. Amma a ƙarshen tafiya tauraron labarin, Frodo, ya kasa jefa zoben cikin wuta. Abin da ya ceci duniya shi ne tausayin da aka nuna wa Gollum tun da farko, lokacin da kashe shi ya fi sauƙi. Ƙarfin jarumi ya ƙare, jinƙan da aka yi wa wanda bai cancanta ba ya gama aikin.

To, mene ne ma'aunin? A ganina yana cikin zubin labarin, kuma abu biyu ne. Na farko, labarin ya ɗauki zunubi da gaske, ya nuna shi a matsayin ciwon da mutum ba ya iya yi wa kansa magani. Na biyu, alheri ya shigo daga waje zuwa ga wanda bai cancance shi ba, kuma wani marar laifi ya biya kuɗinsa. Wannan shi ne abin da Kirista ke nufi da gicciye da fansa. Azurfar bishop ce ta tafi. A Crime and Punishment na Dostoevsky, na 1866, Sonya, wadda talauci ya jefa cikin karuwanci, ita ce ta karanta wa mai kisan kai Raskolnikov labarin tashin Li'azaru, ita ce kuma ta bi shi har Sibiriya.

Mai karatu zai ce: ai gafara da rahama ba na Kirista kaɗai ba ne. Gaskiya ne, kuma Musulmi ya san haka fiye da a koya masa. Shi ya sa ban ce yafiya ita kaɗai ba. Abin da ya keɓanta shi ne wani ya ɗauki nauyin laifin wani a jikinsa, a kuma gina dukan labarin a kan haka. Mai nazari ba sai ya yarda da aƙidar ba kafin ya gane ta a shafi.

Saura masu cewa tuban mugu ya wadatar. Nan ne na fi zafi. Akwai labaran da ake bugawa da tambarin addini, inda mutum ke yin addu'a a babi na tara, a babi na goma ya samu aiki da mata da mota. Wannan ciniki ne: ka ba da tuba, a ba ka canji. Kwatanta shi da The Power and the Glory na Graham Greene, na 1940. Fada ne mashayi, mai 'ya ba da aure ba, yana gudun hukuma a Meziko lokacin da ake farautar limaman coci. Ya tsira, amma ya komo don sauraron furcin zunubin wani ɗan fashi da ke bakin mutuwa, yana sane da cewa tarko ne. Aka harbe shi. A 1953 wani ofishin Vatikan ya nuna rashin amincewa da littafin. Su ma masu tsaron aƙida sun ga kwalbar giya, idonsu ya tsallake sadaukarwar.

Ban ce fitowa fili laifi ne ba. The Pilgrim's Progress na John Bunyan, na 1678, wa'azi ne tsagwaronsa, amma ya rayu domin kayan da ke bayan matafiyin nauyinsu na gaske ne, tsoronsa ma na gaske ne, daga alƙalamin mutumin da ya sha ɗauri a Bedford saboda wa'azinsa.

Saboda haka, ɗalibi, idan aka ba ka littafi aka ce ka fitar da jigonsa, kada ka tsaya ƙirga sau nawa aka ambaci Yesu. Nemi wanda aka yafe wa. Tambayi ko ya cancanta. Sannan ka binciko wanda ya biya.