Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Wace Cuta?

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ɗakin hutun ɗalibai. Duk ranar da labari ya zo cewa wata ƙungiyar ƙwallon kwando mai neman kofi ta ɗauko tsohon ɗan wasa, sai ɗakin ya rabu biyu. Waɗansu su ce ai magana ta ƙare, kofi ya zo gida, tun da da tsohuwar zuma ake magani. Waɗansu kuwa su ce an zubar da kuɗi a rijiya, gara a ba matasa wuri. Mu dai ba mu tare da kowane ɓangare, domin na farko suna suke kallo, na biyu kuma shekaru suke ƙirgawa. A cikinsu ba mu ji wanda ya tsaya ya tambaya ba: wane giɓi ne a jikin ƙungiyar, kuma mutumin nan zai cike shi?

Mu da muka tashi a Kasuwar Daji, a ƙasar Ƙauran Namoda, tun muna yara muka ga yadda ake amsa wannan tambaya. Idan damina ta gabato, manomin da ke da ɗan bijimi mai ƙarfi amma marar horo yakan shiga kasuwarmu ko ta Shinkafi ya nemi san da ya saba da garma, ya haɗa su a karkiya ɗaya, domin babban ya koya wa ƙaramin bin kunya. Kafin ya biya sai ya duba haƙora, ya duba ƙafafu, ya sa a ja san ya ga tafiyarsa. Ko dillali ya rantse cewa san nan ya yi noma a gonar sarki, wannan ba ya shiga lissafin manomi. Kuma ba za ka taɓa ganin mai hankali ya sayar da irin da zai shuka don ya sayi sa ba, balle ya haɗa bijimai biyu masu faɗa a karkiya ɗaya. Abin da manomin da bai shiga aji ba ya sani, shi ne ya gagari masu digiri da ke riƙe da ƙungiyoyin wasa.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ya fi tsanani a ƙwallon kwando a bayyane yake. Mutum biyar kaɗai ke shiga fili daga kowane ɓangare, ƙwallo ɗaya ce, kuma daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa. Watau jifan da za a yi a wasa ƙidayayye ne. Duk wanda aka kawo yana son ya yi jifa ashirin, daga hannun wani za a ƙwace su. Saboda haka tambayoyi uku ne ke gaban mai ɗaukar tsohon ɗan wasa. Wane aiki ne ba wanda ke iya yi a ƙungiyar? Shin baƙon zai yarda ya yi wannan aikin ko da sunansa zai ragu a bakin 'yan kallo? Sa'an nan me za a bayar a madadinsa?

Bari mu fara da ɗan gida. Masai Ujiri a Zariya ya girma, a nan ya fara taɓa ƙwallon kwando, kuma shi ne ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada har zuwa 2025. A farkon 2019 ƙungiyarsa na cikin masu neman kofin NBA. Tana da Kawhi Leonard mai cin maki, tana da Kyle Lowry mai raba ƙwallo, ga matashi Pascal Siakam ɗan Kamaru yana tasowa. Abin da ta rasa shi ne dogon da zai tsaya a tsakiya ya tare ƙattai, ya kuma iya miƙa ƙwallo ga wanda ya dace. A watan Fabrairu na 2019 Ujiri ya ɗauko Marc Gasol ɗan Sifen daga Memphis, yana da shekara 34, bayan ya zama gwarzon tsaron gida na NBA tun 2013. An ba da Jonas Valanciunas mai shekara 26 da waɗansu 'yan wasa biyu a madadinsa, amma ba a taɓa Siakam ba, ba a taɓa Fred VanVleet ba.

To, me Gasol ya yi? Makin da yake ci a kowane wasa ya sauka daga kusan 16 a Memphis zuwa kusan 9 a Toronto. Masu ƙirga maki za su ce an yi asara. Amma shi aka sa ya tsare Nikola Vucevic na Orlando a zagayen farko, shi aka sa ya tsare Joel Embiid na Philadelphia a zagaye na biyu, kuma duka biyun sun sha wuya a hannunsa. Da aka buƙaci maki a wasan farko na karon ƙarshe da Golden State, ya ci 20. Ran 13 ga Yuni 2019 Toronto ta ɗauki kofinta na farko. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana sarauta a Memphis ya zo ya karɓi aikin dogari bai yi ƙorafi ba. Wannan ita ce zumar da ta dace da cuta.

Kada wani ya ce sa'a ce kawai, ga misali na biyu, kuma a nan ƙungiya ɗaya ce ta gwada hanyoyin biyu. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kai Houston Rockets ga kofi a 1994. A kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta fara tangal-tangal, domin abokan karawa sun gane cewa idan aka yi wa Hakeem taron dangi babu wani babban mai cin maki daga waje. A Fabrairu 1995 suka ɗauko Clyde Drexler mai shekara 32 daga Portland, wanda suka yi wasa tare da Hakeem tun suna Jami'ar Houston. Drexler daga gefe yake wasa, Hakeem a gindin kwando, ba wanda ya taka ƙafar wani. Houston ta shiga wasannin fitar da gwani a matsayi na shida a yankinta, ta kai ƙarshe, ta lallasa Orlando wasa huɗu a jere.

Sai daɗin nasara ya ruɗe su. A 1996 suka ɗauko Charles Barkley mai shekara 33, babban suna ƙwarai, suka ba Phoenix mutum huɗu, ciki har da matasa biyu da suka ci kofuna biyun nan da su, watau Robert Horry da Sam Cassell. Ba mu ce Barkley bai yi aiki ba, ya yi, har sun kai karon ƙarshe na yankinsu a 1997 kafin Utah ta fitar da su. Amma shi ma kusa da kwando yake son a ba shi ƙwallo, inda Hakeem yake, ga rauni yana damunsa, ga benci ya zama fayau. A 1999 suka ƙara da Scottie Pippen mai kofi shida daga Chicago. Aka fitar da su tun a zagayen farko, Pippen da Barkley suka yi ta cacar baki a bainar jama'a, Pippen ya bar ƙungiyar bayan kaka ɗaya. Shi kuwa Horry da aka sallama, kofi biyar ya ƙara ci a waɗansu ƙungiyoyi. Drexler da Barkley kusan sa'o'in juna ne lokacin da aka ɗauke su. Ashe bambancin na wurin tsayuwa ne da kuma abin da aka bayar.

Wanda kuma ke son ya ga yadda ake sayar da iri a sayi sa, ya dubi Brooklyn a 2013. Sun karɓo Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35 daga Boston, suka jinginar da damarsu ta zaɓen sababbin 'yan wasa na shekaru da dama. Zagaye ɗaya tak suka tsallake da su. Da wannan dama Boston ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, waɗanda suka kawo mata kofi a 2024.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwanmu da Amurka? Da ruwanmu, domin cutar ta iso Afirka. Da aka buɗe gasar BAL a Kigali a watan Mayu na 2021, ƙungiyar Patriots ta Ruwanda ta sa mawaƙin Amurka J. Cole mai shekara 36 a cikin 'yan wasanta. Ya buga wasa uku, ya ci maki 5. An samu 'yan kallo, ba shakka, amma rigar da ya sa ta wani yaro ce da ya yi shekaru yana zufa a fili. A wannan gasa Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci Nijeriya, ta ɗauko Ben Uzoh wanda ya taɓa wasa a NBA, kuma shi ya jefa ƙwallon farko a tarihin gasar, amma ƙungiyar ba ta fita daga rukuninta ba. Ba mu ɗora wa Uzoh laifi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2024, da mai horarwa ɗaya, Ogoh Odaudu, da mai raba ƙwallo Will Perry da aka ɗauko don wannan aikin, Hoopers ta zo ta uku a Afirka.

Mu kuma fa? Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa, har da na 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Amma daga 2021 zuwa 2025 ba ta taka filin BAL ba. Ranar da hukuma za ta farka ta ce a maido da martabar ƙungiya irin wannan, mun san shawarar farko da za a kawo teburin kwamishina: a nemo babban suna. Suna yana da daɗin sanarwa, ana ɗaukar hoto da shi, ana miƙa masa riga a gaban 'yan jarida. Gina filin wasa a ƙauye ba ya kawo hoto sai bayan shekara goma, lokacin da wani ke kan kujera. Kuma kada mu manta, manyan ƙungiyoyin nan da dama na gwamnatocin jihohi ne. Kuɗin da za a sayi sunan na talaka ne, na wancan manomin da ya duba haƙoran sa kafin ya biya.

Mu kanmu ɗalibai ba mu tsira ba. Mun ga yadda a wasannin makarantu ake ajiye yaran da suka yi wata da watanni suna horo, ran gasa a kawo waɗansu ƙattai na haya masu furfura a gemu, a rataya musu katin ɗalibi. Ko an ci kofin, me aka ci? Shekara mai zuwa ƙattan sun tafi, yaran da aka wulaƙanta sun daina zuwa fili. Tsohon da ya zo ya koyar yakan bar magada a bayansa, na haya kuwa kuɗinsa yake karɓa ya kama gabansa.

Ga masu cewa a kori tsofaffi gaba ɗaya kuma, muna tunatar da su cewa ƙarfi kaɗai ba ya cin kofi. A minti biyun ƙarshe, sa'ad da ƙafa ta mutu kuma 'yan kallo ke ihu, ana buƙatar wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ce wa yara su natsu. Siakam bai ragu da zuwan Gasol ba, a shekarar ce ma aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba. Amma a lura, sai da aka yi shekaru ana rainon Siakam da VanVleet kafin a nemo musu babba. Tsohon ɗan wasa jinka ne, ana ɗora shi bayan an gama gini. Mu a ƙasarmu so muke mu ɗora jinka a kan iska. A garuruwanmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi akwai dogayen samari masu tsawon da duk mai horarwa zai yi kwaɗayi, da yawansu ba su taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Ujiri da ake alfahari da shi, fili ya samu a Zariya da mai koyarwa, kuma tun 2003 ya kafa Giants of Africa don ya samar wa yaran Afirka irin abin da ya samu.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga ofisoshin wasanni shi ne, ranar da takardar ɗaukar wani shahararre ta zo teburinku, ku rubuta tambayoyi ukun nan a gefenta da jan biro kafin ku tura ta sama. Ku nemi mai horarwa ya faɗa da bakinsa wane aiki mutumin zai yi, minti nawa zai buga, wane yaro zai koma benci dominsa. Ku nemi likita ya duba gwiwarsa. Ku tambaya nawa aka ware wa ƙungiyar matasa a wannan shekarar, a ajiye lissafin biyu kusa da juna. In amsa ta gamsar, a ɗauke shi, a girmama shi, a haɗa shi da yaran da zai koya wa. In kuwa amsar ita ce kowa ya san sunansa, to ku mai da takardar inda ta fito, ku ce ba a cinikin biri a sama.

Mu ma a namu ɓangaren, Ƙungiyar Ɗalibai ta daina rufe ido idan aka kawo 'yan haya da sunan makarantarmu. Gara mu sha kashi da yaranmu bana, mu dawo da su baɗi sun ƙara wayo. Allah ya sa mu gane, amin.