Magana a kan Lissafin Shekara a Kwalejin Abdullahi Bayero, da Rabon Zaure a Cikinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana ce guda. Makarantar zaure ba ta da lissafin shekara, kwaleji kuwa tana da shi, kuma da shi ta sha gabanmu, ba da yawan littattafai ba, ba kuwa da kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Ku dubi Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, domin ita ce mafi kusa da mu, kuma daga cikin gidanmu ta fito. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, cikin 1934, aka buɗe makarantar koyon shari'a, aka ɗauko mata shehunnai daga Sudan. Cikin 1947 aka sake mata suna, ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A harabarta aka kafa kwaleji cikin 1960 da sunan Sardauna Ahmadu Bello. Da aka buɗe jami'ar Zariya cikin 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai ta Kano ta ɗauki sunan Sarki Abdullahi, ta zama reshen ta Zariya. Cikin 1964 ta karɓi ɗalibanta na farko masu neman digiri, su goma ne kacal, kuma a tsohon masaukin baƙi na filin jirgin sama suke karatu, don ba ta da mazauni nata. Shehu Abdullahi al-Ɗayyib, masanin waƙen Larabawa mutumin Sudan, ya shugabance ta a waɗannan shekaru. Cikin 1966 aka yaye na farkon, daga baya ta koma wajen ƙofar Kabuga. Cikin 1975 aka ɗaga ta zuwa kwalejin jami'a a hannun Dakta Mahmud Tukur, cikin 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta.

To, ku ƙidaya. Daga ɗalibai goma a gidan aro zuwa jami'a, shekara goma sha uku. Wane zaure ne a birnin Kano da bai fi wannan daɗewa ba? Kuma wane ne a cikinsu mai gidansa zai iya gaya maka abin da ya ƙaru gare shi daga bara zuwa bana?

Ni ban zauna a kan benci ba, a buzu na yi karatuna, amma tsarin nasu ba ɓoyayye ba ne. Ana raba shekara zango biyu. Tun ran farko ɗalibi ya san fannonin da zai karanta da iyakar kowane, malami kuma ya san inda aka ɗora masa ya kai. Ƙarshen zango a zauna jarrabawa a rubuce. Wanda ya faɗi a wani fanni ya sake shi. A shekarar ƙarshe ɗalibi ya rubuta kundi da hannunsa a kan mas'ala guda, sa'an nan a kirawo wani malami daga wata jami'a ya duba takardu, don kada malamin gida ya yi sassauci ga nasa. Bayan wannan majalisar malamai ta zauna ta tabbatar. Abin da ya fi kama hankalina shi ne baƙon malamin nan. Watau ba ɗalibi kaɗai ake aunawa ba, har da wanda ya karantar da shi.

Mu kuwa yaya muke? Yaro ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafai. Ya ɗauki Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari, da Ishmawi, da Iziyya, ya isa Risala. Daga nan fa lissafi ya ɓace. Wani ya shekara bakwai cikinta, yau ya zo, gobe kasuwa ta hana shi, da damina ya tafi gona, ya komo ya sake babin tsarki. Malam yana fassara, shi yana cewa na'am. Ba ranar da za a rufe littafi a ce masa, "Kai, kawo mini rabon gadon mata da uwa da 'ya biyu." Har gemu ya fito masa, mutane suna kiransa malam, alhali Muhtasar bai taɓa buɗe shi ba, Ajurruma kuwa haddarta ya yi, ba ya iya li'irabin layi guda. Wannan ba laifin yaron ba ne shi kaɗai. Iyayensa sun ba da amana, kuma shekarun ƙuruciya ba su dawowa.

Na san abin da wasu manyanmu za su ce. Za su ce ilimi ba hatsi ba ne da za a auna shi da mudu, albarka ake nema, kuma jarrabawa al'adar Nasara ce. Maganar albarka gaskiya ce, ba mai musunta. Amma ku dubi Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi. Ya wallafa Ida'un Nusuhi, ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya, da littafin da ya karanta wurin kowane. Ashe ba lissafin karatu ke nan ba? Ijaza fa, mece ce ita in ba shaidar malami ba cewa wane ya karanta kaza, ya kuma gane? Alarammomi ma ba su ce wa mutum gwani sai ya zauna gaban gwanaye an ja shi, an ga ba ya tuntuɓe. Masu Alƙur'ani sun riƙe nasu awo. Mu masu littattafai muka saki namu.

Ba kuwa ina cewa duk abin da ke cikin jami'a abin koyi ne ba. Akwai mai riƙe da takardar digirin Larabci wanda in ka miƙa masa Maƙama ba wasali sai gumi ya karyo masa, domin takardun da malami ya taƙaita ya haddace, bai bi littafi daga bango zuwa bango ba. Nan zaure ya fi su, kada kuwa mu sayar da wannan. Ita kanta shekarar tasu takan karye. Cikin 2022 malaman jami'o'in gwamnati a Nijeriya suka yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suna zaune a gida. Zaure kuwa bai taɓa rufewa don albashi ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar gini ko kuɗin hukuma. Kowane mai zaure ya sami littafi guda na takarda, ya rubuta sunan kowane almajiri, da littafin da ke hannunsa, da babin da yake ciki a watan Shawwal. In Sha'aban ya kama, kafin a tashi don tafsiri, a sake dubawa. Malaman unguwa uku ko huɗu su yi musaya, na wannan zaure ya je ya tambayi almajiran wancan, a baki da kuma a rubuce, cikin ladabi, ba don kunyatarwa ba. Wanda ya kammala littafi a rubuta masa ijaza da sunan littafin da shekara da hannun shaidu biyu. Wanda aka ga ya shekara biyu a babi guda, a kira uban a zauna, a san ko talauci ne, ko nauyin kai, ko kuwa fassarar malam ce ba ta shiga.

Na san na ƙarshen nan shi zai yi wa wasunmu ɗaci, domin babu mai son a tambayi almajirinsa a gaban wani malami. Saboda haka malaman wannan ƙungiya tamu su ya kamata su fara buɗe zaurukansu, kuma nawa yana cikinsu. Wanda ya yarda ya aiko da sunan unguwarsa ga masu buga wannan takarda kafin Rajab, don a san waɗanda za a haɗa.

Haza wasalam.