Satar Fasaha a Douala: Laifin Mai Amfani Ko Na Kamfani?

A New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Douala, sabon fim ɗin Kannywood ba ya daɗewa kafin ya shiga wayoyi. Masu tura fim sukan sauke shi daga intanet, su zuba wa mutane a memori da 'yan canji, furodusan da ya kashe kuɗinsa a Kano bai ga ko sisi ba. Tambayar ita ce: bayan mai turawa, shin MTN, Orange ko Camtel, waɗanda fim ɗin ya bi ta layinsu, suna da alhaki?

Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamban 2000, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 500,000 zuwa miliyan 10 ga mai satar fasaha. Sai dai bin ƙananan shaguna ɗaya bayan ɗaya aiki ne marar ƙarewa. Shi ya sa masu haƙƙi a ƙasashe da dama suka koma kan manyan kamfanoni, inda kuɗi yake.

A Amurka, kamfanonin waƙa irin su Sony sun kai ƙarar Cox, mai sayar da intanet, bisa zargin ya ƙi yanke layin masu satar waƙoƙi duk da gargaɗin da aka yi ta aika masa. A 2019 aka ci Cox diyyar dala biliyan 1. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin a 2024, sannan Kotun Ƙoli ta karɓi shari'ar a Yunin 2025.

A wannan watan dai kotun ta yanke hukunci kan irin wannan tambaya a fagen makamai. Meksiko ta nemi diyyar dala biliyan 10 daga Smith & Wesson da wasu masu ƙera bindiga, tana cewa makamansu ne ke hannun gungun masu fataucin ƙwayoyi. Alƙalai tara duka suka yi watsi da ƙarar, bisa dokar 2005 da ke kare masu ƙera makamai. A ganinsu, sanin cewa wasu za su yi ɓarna da kaya bai kai taimaka musu da gangan ba.

Kamaru ta bi wata hanya daban kan bindiga. Dokar makamai ta Disamban 2016 ta ɗora sayarwa da mallaka a kan izinin hukuma, kuma a Afrilun 2018 ministan harkokin cikin gida, Paul Atanga Nji, ya dakatar da cinikin makamai a yankuna shida, har da Littoral inda Douala take. Wato an toshe ƙofa tun daga wajen mai sayarwa.

Wannan mataki na da ma'ana ga bindiga, amma bai dace da intanet ba. Bindiga don harbi aka ƙera ta. Layin intanet kuwa shi ne kasuwa da makaranta da zumunci. A New Bell waya ɗaya takan ɗauki cinikin uba, karatun ɗa, da kiran dangi a Garwa ko Kano. Idan aka tilasta wa kamfani yanke layi da zarar an yi zargi, gida guda zai biya laifin mutum ɗaya. Rufe intanet na kimanin wata uku a yankunan masu magana da Ingilishi a 2017 ya nuna yadda kamfanoni ke saurin bin umarni, da kuma wanda ke shan wahala.

Hakan ba ya nufin a wanke kowa. Akwai bambanci tsakanin kamfanin da ya shimfiɗa hanya da shafin da ke tallar fim ɗin sata yana cin kuɗin talla, ko mai jan kebul a unguwa da ke sayar da tashoshin da bai biya ba. Waɗannan sun sani, kuma da satar suke cin abinci.

Dokar haƙƙin mallaka da Najeriya ta sa wa hannu a Maris 2023 ta kama tsakiya: mai haƙƙi ya sanar, kamfani ya cire abin da aka sata, wanda aka zarga ya samu damar kare kansa. Matsalar ita ce ikonta ya tsaya a kan iyaka, alhali masu kallon Kannywood sun bazu har Douala. Muddin hukumomin Abuja da Yawunde ba su samar da hanyar karɓar koken juna ba, furodusa zai ci gaba da asara, duk wani samame kuma a kan yaron da ke tura fim a bakin kasuwa zai ƙare.