Bangaskiya Ba Adashe Ba Ce

Wani salon wa'azi ya shigo mana, ya baje tabarma a majami'unmu daga Maradi har Damagaram, mu kuma mun kama bakinmu don kada a ce mun taɓa bawan Allah. Ga yadda yake: in ciwo ya kwantar da kai, ko bashi ya yi maka katutu, ko kin shekara goma a ɗakin miji ba haihuwa, to bangaskiya ce ta yi ƙaranci. Maganin kuwa yana hannun mai wa'azin. Ka "shuka iri", jika biyar ko jika goma, ka sa a ambulan, a ɗora maka hannu, ka jira buɗi cikin kwana bakwai. In buɗin ya zo, a kira ka gaba ka ba da shaida ana tafi. In bai zo ba, kai ne ka yi shakka a zuciyarka, sai ka sake shukawa. Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba, wadda mai ita ba ya faɗuwa ko sau ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikina rediyo ne, don haka na san yadda ake dafa wannan miya. A sayi fili na rabin awa, a yi minti ashirin ana ɗaga murya, sauran goman a ƙare su wajen maimaita lambar da za a tura kuɗi. Abin da mai wa'azin ba ya ji shi ne kiran da ke shigowa bayan ya shiga motarsa ya tafi. Mu ne muke ɗagawa. Sau da yawa mace ce, murya ƙasa-ƙasa don kada mutanen gida su ji, tana tambaya ko rashin bangaskiyarta ne ya kashe mata yaro. Ta binne ɗa, sannan an aza mata gawar a ka a ce ita ta jawo. Wanda ya koya mata wannan tambaya zai amsa a gaban Ubangiji.

Suna son littafin Ayuba ƙwarai, amma daga wutsiya suke kama shi. Su tsallake sura arba'in da ɗaya, su dira a ta 42 inda aka ninka masa dukiya, su ce kun gani? To mu koma tsakiya, inda maganar take. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo masa jaje, sun zauna kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da sun tashi a nan sun koma gida, da sun fita kunya. Sai suka buɗe baki, kowa ya shiga nuna wa Ayuba cewa Allah ba ya wahalar da adali, saboda haka lalle akwai zunubin da ya ɓoye. Wannan fa shi ne wa'azin ambulan, an dai canza masa riga. A ƙarshen littafin su ukun nan Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Mutumin da ya yi kuka, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a, shi aka ce ya yi magana daidai. Masu lissafi su aka tsawata wa.

Kuma ku lura da abu guda da ba a faɗa a kan bagade. An ninka wa Ayuba raƙuma da tumaki, an sake ba shi 'ya'ya goma, amma goman farko suna nan a kabari. Duk uban da ya taɓa binne ɗa ya san sabuwar haihuwa ba ta shafe wancan suna. Ba a kuma taɓa gaya wa Ayuba dalilin abin da ya same shi ba. Ya ci gaba da bin Allah ba tare da amsa a hannunsa ba, kuma ni a fahimtata wannan ne ake kira dogara.

A buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku da dare. Sura ɗaya, ikkilisiya ɗaya, manzanni biyu. Wanne ne bai shuka iri ba? Mun ga irin wannan da idonmu a shekarar 2020. A watan Janairu Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika a jihar Adamawa, bayan an yi ta roƙon Allah dominsa. A watan Oktoba aka sako Fada Pier Luigi Maccalli, wanda aka sace a Bomoanga a nan Nijar tun Satumba 2018. Duk mai ƙarfin halin da zai ce bangaskiyar ɗaya ce ta fi ta ɗayan, ya je Michika ya faɗa a gaban iyalin mamacin.

Mu Kiristocin Nijar ma ai ba ma bukatar a ba mu labari. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari Asabar a Yamai, aka ƙone majami'u gommai saboda zanen da wata jarida ta yi a Faransa, zanen da ba mu da hannu a ciki. Wasu sun kwana a barikin soja, wasu maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su, Allah ya saka musu. Wutar ba ta tambayi wace ikkilisiya ce ta fi ba da zakka ba. Makonni bayan haka mutane suka taru ƙarƙashin rumfa, a gefen bangon da ya yi baƙi, suka yi sujada ba wanda ya yi musu alkawarin komai. Haka da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wuta, shinkafa da magani suka yi tsada, mai azumi da marar azumi farashi ɗaya suka saya.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, kai ba ka gaskata Allah yana warkarwa ba? Na gaskata. Na gaskata yana buɗe ƙofa, yana ba bakarariya ɗa, kuma bayarwa da zuciya ɗaya abu ne mai kyau. Abin da na ƙi shi ne a sa masa farashi da wa'adi, kamar uwar adashe wadda dole ta ba ka kwasarka ranar da zubinka ya cika. Manzo Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Samarin nan uku na littafin Daniyel sun gaya wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su durƙusa wa gunki ba. Wannan rabin na biyu shi ake yankewa a wa'azin zamani. Ubangijinmu kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, gari ya waye aka kai shi gicciye. Mutumin da ya fito fili a Sabon Alkawari ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah shi ne mai sihirin nan na Samariya, kuma kowa ya san irin amsar da Bitrus ya ba shi.

Mafi muni a ciki shi ne masu cewa marar lafiya ya ajiye magani don ya nuna ya dogara. Waɗanda suka kawo mana bishara a ƙasar nan su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, su ne suka zauna da kutare a Danja suna wanke musu gyambo. Shin su ba su san addu'a ba ne? Da safe su yi addu'a, su wanke hannu, su shiga ɗakin tiyata. Yau wani mai farar kwat da lasifika zai gaya wa mai ciwon suga cewa allura alamar shakka ce.

Sai dai kada tsofaffin ikkilisiyoyinmu su yi saurin gyaɗa kai. Mutane ba don wauta suke bin waɗannan masu wa'azi ba. Gwauruwa ta zo wurin dattawa da kukanta, a ce mata "sai haƙuri, Mama, Allah yana sane", a rufe taro da addu'a, kowa ya hau babur ɗinsa. Ta fita da yunwarta, ta tarar da wani a bakin hanya yana yi mata alkawarin buɗi cikin mako guda. Me zai hana ta tsaya? Da aka yi annabcin yunwa a zamanin manzanni, masu bi na Antakiya tara gudummawa suka yi, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Da aka yi gunaguni a Urushalima kan rabon abincin gwauraye, mutum bakwai aka zaɓa musamman don wannan aiki. Zumuntar mata a ƙauyukanmu sun fi kusa da wannan tsari fiye da yawancin majalisun dattawa, don su tiya-tiya suke haɗa hatsi su kai gidan da aka yi rashi, ba sa jiran a rubuta a takardar taro.

Saboda haka ga roƙona ga fastoci, na ambulan da na tsohon tsari duka. A taron ikkilisiya mai zuwa a kawo littafin kuɗi a buɗe a gaban jama'a. A karanta abin da ya shigo daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, sannan a faɗa mana buhu nawa ya isa gidajen gwauraye da marayu, da kuma nawa aka biya wa marasa lafiya kuɗin mota zuwa Galmi.