Sikeli Ko Igiya?

Mun daɗe muna ji ana yi wa mai tumbi kirari, wai alamar arziki ce. To, lokaci ya yi da za mu gaya wa juna gaskiya, musamman mu da aikinmu na zaman kujera ne, watau akawuna da malaman makaranta. Ƙiba in ta yi yawa ita ke buɗe wa ciwon sukari da hawan jini ƙofa. Amma da me za a auna ta?

Awon da likitoci suka saba da shi, wani masanin lissafi na ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙago shi tun ƙarni na 19. Akan raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, abin da ya fito a sāke raba shi da tsawon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ya kai 25 nauyi ya fara yawa, in ya kai 30 ƙiba ce.

Sai dai sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ga mutum biyu, tsawon kowa santimita 170. Ɗan kokawa mai kilo 90, lissafi ya ba shi 31, a ce mai ƙiba ne, alhali duk tsoka ce. Akawu mai kilo 70 ya sami 24, a ce lafiya lau, ga shi kuwa tumbi ya rufe bel. Kitsen nan na ciki, mai kewaye hanji da hanta, shi ne mugun.

Saboda haka mu dai mun fi yarda da awon ƙugu. A shekarar 2022 hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ka'idodin aiki ta shawarci manya kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawo. Wannan kuwa ba ya bukatar ko kwabo. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a kewaya ciki da ita bisa cibiya kaɗan, ba tare da an shanye ciki ba. In bakin biyu ba su haɗu ba, a rage mai da zaƙi, a riƙa tafiya da ƙafa, a kuma je a ga likita. Mata masu ciki ba sa cikin wannan awo.

Ba mu ce a jefar da sikeli ba, amma lalle a haɗa shi da igiya. Malamai su soma da kansu, sannan su koya wa jama'a. Rigakafi ya fi magani.