Kafin Ka Canja Na'ura, Tambayi Hanya

A zamanin da, in mutum ya ɗaura niyyar tafiya ƙasar waje, ko don fatauci, ko don neman ilmi, ko don sauke farali, akwai abu guda da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, watau ɗan littafin nan da ya rubuta sunayen mutane da adireshinsu da lambobin wayarsu, haɗe da lissafin bashi da ranakun alkawari. Littafin ba ya bukatar batir, ba ya kuma tambayar sunan ƙasar da aka sauka. Iyakar aibinsa shi ne ba ya kai saƙo, ba ya kawo labarin gida. Yau kuwa an wayi gari littafin ya koma cikin na'ura, na'urar kuma ta sami baki da kunne, har ta kai da zarar mutum ya karɓi biza, abin da yake fara tunani shi ne ya rabu da tsohuwar wayarsa ya ɗauko sabuwa, wai don kada intanet ya yanke masa a hanya.

Niyyar ba ta da laifi. Amma fa tarihin waɗannan na'urori na aljihu, wanda yanzu ya haura shekara 40, yana ɗauke da darasin da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin ya zare kuɗinsa. Na'urar ce mai saye yake gani, ita yake biya, amma abin da zai yi masa aiki a ƙasar mutane shi ne turakun sadarwar ƙasar, da dokarta, da kamfanin da ke riƙe da mabuɗi. Su kuwa waɗannan uku ba a sa su cikin kwali.

A cikin 1984 ne wani kamfani na birnin Landan mai suna Psion ya fito da wata 'yar na'ura wadda za a iya cewa ita ce kakar wannan zuriya. Allonta layi ɗaya ne tak, aikinta kuwa ajiye sunaye da lambobi da yin lissafi. Sai a 1996 abin ya karɓu sosai, sa'ad da kamfanin Palm na Amurka ya fito da Pilot a kan dala 299. Mutumin da ya ƙago ta, Jeff Hawkins, kafin a ƙera ta sai da ya sassaƙa katako daidai girman da yake so, ya riƙa yawo da shi a aljihu, yana fito da shi yana kwaikwayon rubutu duk lokacin da aka yi masa maganar wani alkawari, domin ya gane abin da mutum zai bukata da abin da ba zai bukata ba. Na'urar ta zo da kalanda, da adireshi, da jerin ayyuka, da wurin rubutun tuni, ana kuma rubutu a kan allonta da wani tsinke.

Sai dai kurma ce. In maigidanta yana son ta san abin da ke cikin kwamfutarsa, dole ya ɗora ta a kan mazauninta mai igiya. In kuwa yana masauki a wata ƙasa yana son karanta imel, sai ya liƙa mata wani ƙarin ƙarfe, ya nemi layin wayar ɗakin, ya yi fama da bakin soket ɗin da ya sha bamban da na ƙasarsu, sa'an nan ya biya kuɗin kira a farashin otal. Saboda haka babu mamaki da matafiya suka ɗokanta da ranar da za a yanke wannan igiya.

Ranar ta zo a 1999, da fitowar Palm VII. Tana da 'yar eriya wadda ake ɗagawa, da an ɗaga kuma sai ta haɗu da intanet ba tare da waya ba. An fara sayar da ita a birnin New York a kan dala 599, ban da kuɗin wata-wata, wanda mafi ƙanƙantarsa ya kusa dala 10 a kan kilobayit 50 kacal. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan rabo, hoto guda da wayar yau take ɗauka ya ninka shi sau gommai. Ba ta buɗe shafin intanet gaba ɗaya, sai dai ta tsinko ɗan abin da ake bukata, kamar lokacin tashin jirgi, ko yanayin gari, ko farashin hannun jari. Duk da haka, a idon ɗan kasuwa mai yawan tafiya, wannan abin al'ajabi ne.

To, ga inda gizo yake saƙa. Na'urar tana magana ne da wasu turaku na musamman, masu bin wani tsari da ake kira Mobitex, waɗanda kamfanin BellSouth yake da hannu a tafiyar da su a biranen Amurka. Abin mamaki, asalin tsarin daga ƙasar Suwidin yake, akwai shi kuma a wasu ƙasashen Turai, amma a kan wani zango dabam wanda kunnen na'urar ba ya ji. Ke nan wanda ya saye ta a New York don tafiya Landan ko Faris, da ya sauka daga jirgi ya ɗaga eriya, shiru zai ji. Ta koma littafin adireshi kamar tsohuwar da ya bari a gida, sai dai ta fi ta tsada da nauyi. Bugu da ƙari, a 2004 aka rufe hidimar ɗungurungum, har a cikin Amurkar ma. Na'urar lafiyarta ƙalau, amma wanda take magana da shi ya kulle shago.

Wannan matsala ta zango ba ta tsaya a kan Palm VII ba. Turai da Afirka da yawancin ƙasashen Asiya sun bi tsarin GSM a kan zango 900 da 1800, Amurka da Kanada kuwa suka ɗauki 1900 da 850, wasu manyan kamfanoninsu ma suka bi wani tsarin dabam mai suna CDMA, wanda a wancan lokaci ba ya amfani da katin sim. Japan da Koriya ta Kudu ba su kafa GSM ba sam. Nijeriya ta shiga sahu a 2001, shekarar da aka yi gwanjon lasisi a watan Janairu a kan dala miliyan 285 kowanne, aka kuma fara kira a watan Agusta, alhali kafin nan layukan waya masu aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Daga nan ne matafiyanmu suka fara koyon tambayar mai shago ko waya tana da zango uku ko huɗu. A 2003 Palm ta fito da Tungsten C mai kama Wi-Fi, wanda ya fi sauƙin tsallake iyaka, tun da tsarinsa kusan ɗaya ne a ko'ina, sai dai shi ma iyakarsa harabar otal ko filin jirgin sama.

Na'urar da ta fi kowace kwantar wa matafiya da hankali ita ce BlackBerry, ta kamfanin Research In Motion da ke garin Waterloo a Kanada. Ta fara fitowa a 1999, daga baya ta zama waya sosai, imel yana shigowa da kansa ko mutum yana wace ƙasa. Masu karatu da dama za su tuna yadda ta zama abin ado a Legas da Abuja da Kano, har ana tambayar mutum lambar BBM ɗinsa kafin a tambayi lambar wayarsa. Sirrin ƙarfinta shi ne duk saƙo yana bi ta cibiyoyin kamfanin ne a kulle, ba mai iya karantawa a hanya. Ashe ƙarfin nan shi ne kuma lagonta.

A watan Agusta na 2010, hukumomin Saudiyya da na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ba da sanarwar za su dakatar da hidimomin BlackBerry, domin jami'an tsaronsu ba su da ikon duba saƙonnin. Daular ta sa ranar 11 ga Oktoba, ta kuma bayyana cewa dokar za ta shafi har baƙin da suka shigo da layin ƙasashensu, watau har da 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai saro kaya. An sasanta kafin ranar ta zo, amma an ga iyakar ikon mai na'ura. Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba na 2011, wata na'ura ta lalace a cibiyar kamfanin da ke Slough a Ingila, sai ga miliyoyin mutane a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka sun yi kwanaki ba saƙo. Mutum yana zaune a Kantin Kwari, abin da ya katse masa magana yana can kusa da Landan. Ƙarshen labarin shi ne ranar 4 ga Janairu, 2022, sa'ad da kamfanin ya janye hidima daga tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. Ita Palm tun 2010 kamfanin HP ya saye ta a kan kimanin dala biliyan 1.2, a shekara mai bi kuma ya daina ƙera wayoyinta. Lalle gaskiyar Bahaushe ne da ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi cizo. In mutum ya tsallaka iyaka da layin gida, kamfanin ƙasar da ya sauka ne yake ɗaukar nauyinsa, sa'an nan ya aika wa kamfanin gida da lissafi, shi kuma ya ɗora ribarsa. A nan Afirka ta riga Turai gwada magani. A 2006 kamfanin Celtel ya soke wannan ƙarin kuɗi tsakanin Kenya da Tanzaniya da Yuganda, a 2007 kuma ya faɗaɗa shirin zuwa wasu ƙasashe, ciki har da Nijeriya da Nijar da Chadi. Tarayyar Turai sai ranar 15 ga Yuni, 2017 ta soke nata tsakanin ƙasashenta. A ƙarshen wannan shekarar ce ECOWAS ta amince da irin wannan ƙa'ida, amma aiwatarwa ta yi jan ƙafa, sai a 2023 Gana da Kodebuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu. Wanda ya fita daga irin waɗannan da'irori ya bar intanet a buɗe kan layin gida, yana iya tarar da katin da zai ishe shi wata guda ya ƙone kafin ya fita daga filin jirgi, domin wayar zamani tana saukar da abubuwa da kanta ko ba a taɓa ta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk labarin jiya ne. Wayar yau ta haɗiye littafin adireshi da kalanda da kyamara da banki, matsalar zango kuma ta ragu ƙwarai, amma tarkon bai tafi ba, kama ya sake. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sa katin sim, sai layin da ake saukarwa ta intanet mai suna eSIM, wanda ba kowane kamfani ne yake bayarwa ba. Akwai kuma wayoyin da ake shigowa da su a ɗaure da kamfani guda, ba su karɓar layin kowa. A ƙasar Sin an toshe Google da Facebook da WhatsApp, don haka ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou ya sayi layin gari zai iske yawancin abin da ya saba da shi a rufe. A Dubai an daɗe ana hana kiran murya ta WhatsApp, ko da yake saƙon rubutu yana tafiya. Mafi ciwo duka shi ne na banki. Mutum zai cire layinsa na Nijeriya ya sa na ƙasar da ya je, ya zo biyan kuɗin kaya, banki ya aika da lambar sirri zuwa layin da ke kwance cikin jaka ko ma aka bari a gida, ga mai kaya tsaye yana jira.

Saboda haka, kafin matafiyi ya canja na'ura, akwai tambayoyin da suka fi tambayar girman allo da kyan hoto muhimmanci. Shin wayar a sake take, tana karɓar layin kowane kamfani? Tana ɗaukar layi biyu, domin na gida ya zauna don saƙon banki, na baƙunta ya ɗauki nauyin intanet? An buɗe wa layin gida izinin aiki a waje tun kafin a tashi, an kuma kashe masa intanet? Wace manhaja ce aka hana a ƙasar da za a je, da wace kuma mutanen can suke amfani? Nawa ne kuɗin, a rubuce, daga bakin kamfani? Sa'an nan kada a sayi sabuwar na'ura ana gobe tafiya. A saye ta da sauran makonni, a kwashe lambobi da takardu a zuba, a gwada banki a kai, domin filin jirgin sama mugun wuri ne na koyon sabuwar waya. Sau da yawa ma, in aka amsa tambayoyin nan, sai a tarar tsohuwar da ke hannu ta isa, abin da ake bukata layi ne kawai.

Daga ƙarshe, kada a raina ɗan littafin nan na aljihu. Lambar mai masauki, da adireshin otal cikin rubutun mutanen ƙasar, da lambar ofishin jakadanci, da ta mutum biyu a gida, duka ba su cika shafi guda ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, ranar da batir ya mutu ko turaku suka yi shiru kuwa, wannan shafi shi ne ɗan jagora.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa.